Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan majalisun dokokin Amurka da Birtaniya

Masu girma sanatoci da wakilai na majalisar dokokin Amurka, da masu girma 'yan majalisar dokokin Birtaniya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ku da jama'ar da kuke wakilta. Ni tsohon malamin makaranta ne, na ƙare aikina ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a makarantun sakandare na arewacin Katsina. Ina rubuto muku ne da yawun wasu manoma da makiyaya da 'yan'uwana malamai mazauna tsakanin Katsina da Maraɗi, mutanen da iyaka ta raba a takarda amma hadari ɗaya suke dubawa idan damina ta ƙarato. Na rubuta da Hausa domin su ji abin da aka faɗa da sunansu. Ofisoshin jakadancinku ba su rasa tafinta ba, kuma BBC tana magana da mu da wannan harshe tun 1957.

Matakai uku da aka ɗauka cikin 'yan makonni a farkon 2025 ne suka sa na ɗauki alƙalami. Ranar 20 ga Janairu, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, karo na biyu ke nan. A ƙarshen Fabrairu, Firaminista Keir Starmer ya sanar cewa daga 2027 Birtaniya za ta rage tallafin da take bai wa ƙasashe masu tasowa daga kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa kashi 0.3, domin ƙara kuɗin tsaro. A watan Maris kuma Amurka ta janye wakilinta daga hukumar asusun da aka kafa don ƙasashen da sauyin yanayi ya yi wa asara da ɓarna. Shugabannin gwamnati ne suka yi waɗannan, na sani. Amma jakar kuɗi a hannunku take, doka kuma ku ke yin ta, shi ya sa na zo ƙofarku.

Kukanmu na farko daga tarihinku na ɗauko shi, tarihin da na yi shekaru ina karantar da yaran da ba su taɓa ganin teku ba. Abin da na lura shi ne, ba kasafai kuke yin dokar kare muhalli ba sai ranar da masifar ta iso bakin tagar majalisa.

Ku ɗauki Landan a tsakiyar ƙarni na 19. Kwalara ta kashe mutum fiye da 14,000 a birnin tsakanin 1848 da 1849, ta dawo ta kwashe wasu fiye da 10,000 a 1853 zuwa 1854. Likita John Snow ya nuna a 1854 cewa ruwan wani famfo a titin Broad ne ke yaɗa cutar, aka saurare shi da kunne ɗaya. Talakawa ke mutuwa a unguwanninsu, majalisa tana kafa kwamiti. Sai a bazarar 1858 zafi ya tsananta, kogin Thames wanda duk bahayar birnin ke kwarara cikinsa ya yi ɗoyi, ginin majalisa kuwa a bakin kogin yake. An jiƙa labulen tagogi da magani don a kashe warin, bai yi ba. Benjamin Disraeli, ministan kuɗi na lokacin, ya gabatar da ƙudurin doka a tsakiyar Yuli, cikin kwana 18 ya zama doka. Injiniya Joseph Bazalgette ya samu kuɗin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa da Landan ke amfani da su har gobe. Gawa 24,000 ba ta motsa majalisa ba, wari ya motsa ta cikin ƙasa da mako uku.

Na Amurka ya fi kama da namu, shi ya sa yara suka fi natsuwa idan na zo kansa. Dokar rabon filaye ta 1862, zamanin Abraham Lincoln, ta ba duk magidancin da zai zauna ya noma eka 160 a yammacin ƙasar. Da alkama ta yi tsada lokacin yaƙin duniya na ɗaya, aka shigo da tarakta aka kife ciyawar da ta riƙe ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa. Fari ya zo a shekarun 1930, iska ta samu ƙasa a tsirara a Oklahoma da Kansas da Texas da maƙwabtansu. Mutane suka riƙa toshe ƙofa da rigar tsumma, yara suna mutuwa da ciwon huhu, shanu suna faɗuwa cikinsu cike da ƙasa. Ranar Lahadi 14 ga Afrilun 1935 rana ta ɓace da tsakar yini. Wani masanin ƙasar noma, Hugh Bennett, ya daɗe yana gargaɗi a kan zaizayar ƙasa. A farkon shekarar ta 1935 yana gaban kwamitin majalisa a Washinton sai ƙurar yamma ta iso birnin, sararin sama ya yi duhu, 'yan majalisa suka tashi suka leƙa taga. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar kare ƙasar noma. Gwamnati ta biya manoma don su canza yadda suke huɗa, ta kuma dasa itatuwa kusan miliyan 220 a matsayin shingen iska daga iyakar Kanada har Texas kafin 1942. Ba wanda ya ce wa manomin Oklahoma laifinka ne, ka ji da shi, alhali kuwa garmarsa ce ta kife ciyawar.

Haka aka ci gaba. Hayaƙin kwal ya haɗu da hazon sanyi ya rufe Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamban 1952. An fara ƙirga mutum 4,000 da suka mutu, bincike na baya ya kai adadin wajen 12,000. Gwamnati ta yi ta jan ƙafa tana kukan tsada, har 'yan majalisa suka matsa mata, aka yi dokar tsaftace iska ta 1956, wadda ta ba magidanta tallafin canza murhun ɗumama ɗaki. A Amurka man fetur ya malale a gaɓar Santa Barbara a Janairun 1969, kogin Cuyahoga ya kama da wuta a watan Yuni saboda dattin masana'antu, mutum wajen miliyan 20 suka fito ranar 22 ga Afrilun 1970, kafin shekarar ta ƙare Richard Nixon ya kafa hukumar kare muhalli ya kuma sa hannu a sabuwar dokar tsaftace iska.

Waɗannan ayyuka ne na a yaba, kuma na yaba su a gaban ɗalibai. Damuwarmu ita ce mu ba mu da kogi a gindin majalisarku. Idan gero ya bushe a Ɗan Isa ko gulbi ya cinye gidaje a Haɗejiya, ba abin da zai hana zamanku na ranar. Idan har sai kun shaƙa kafin ku yi doka, to mu ba mu da ranar shiga lissafi.

Kuka na biyu ya fi mini zafi, domin ina da shaida a kansa. Ina yaro lokacin farin 1973. Na tuna mahaifina ya kora shanunmu kudu neman ciyawa, ya dawo da sanda da 'yan ƙalilan da ba su iya tsayuwa. Na tuna mata suna tonon gidan tururuwa don tsintar hatsi. Daga baya 1984 ta zo, wadda dattawan Maraɗi har yau ba sa son a tuna musu. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma na hakan a tsakiyar shekarun 1980. Dalar gyaɗar Kano, wadda dogon da Ingila ta shimfiɗa har Kano ke kwasar abin da ke cikinta, ba ta sake tashi ba bayan farin nan da cutar gyaɗar da ta biyo baya.

Me aka ce mana ya jawo? Mu. Aka ce awakinmu sun cinye daji, matanmu sun sare itace, makiyayanmu sun tara shanu fiye da ƙima. Zargin ma ya girmi farin. Tun a 1935, shekarar ƙurar Amurka, wani farfesan gandun daji na jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara na tahowa kudu saboda ɓarnar mazauna. Ingila da Faransa suka haɗa tawagar masana gandun daji, ta zaga iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ta dawo ta ce ba ta ga hamadar da ke tafiya ba. Rahoton ya kwanta, zargin ya zauna. Da shi aka yi dokokin daji masu tsanani, har ya zama manomi yana tsoron barin itace ya girma a gonarsa don kada malamin daji ya ce na gwamnati ne. Ni kaina a cikin littafin da aka ba ni in koyar, akuya ce babbar mai laifi.

Sai ga shi a 1986 masanan hukumar yanayi ta Birtaniya sun nuna cewa ruwan saman yankin Sahel yana bin ɗumi da sanyin tekuna ne. Daga farkon shekarun 2000 kuma bincike bayan bincike ya nuna cewa hayaƙin farar wuta da ke fita daga tashoshin kwal da masana'antun Turai da Arewacin Amurka yana cikin abin da ya sanyaya arewacin tekun Atlantika a shekarun 1960 zuwa 1980, sanyin nan kuma ya tura hadarin damina kudu, ya bar mu. Ban ce shi kaɗai ba ne, teku tana da nata juyin, masana kuma suna jayayya a kan girman kason kowane. Amma ku duba yadda abin ya faru. Bayan 1956 maganin da Birtaniya ta samo shi ne dogayen bututun hayaƙi, a harba shi sama ya bar titin Landan. Ya tafi ya sauka a matsayin ruwa mai guba a tafkunan Norway da Sweden. Su suna da murya, suka yi ƙara, aka yi yarjejeniyar Geneva ta 1979, Amurka ma ta gyara dokarta a 1990 zamanin Bush babba saboda irin wannan kuka daga Kanada da jihohinta na gabas. Mu ba mu ma san akwai abin da za mu yi ƙara a kai ba. Muna can muna karɓar buhun dawar agaji da godiya, ana yi mana wa'azi a kan akuya.

Ba mu manta da dawar nan ba, ta ceci rayuka, Allah ya saka wa waɗanda suka aiko. Sai dai har yau ba mu ji wata majalisa ta tsaya ta ce ga abin da binciken masananmu ya nuna game da farin Sahel ba.

Kuka na uku shi ne alkawari. Abin takaicin shi ne kun taɓa nuna kun iya. A 1985 masanan Birtaniya uku da ke aiki a yankin ƙanƙara na kudancin duniya suka gano ɓulin da ke lulluɓin ozon, wato iskar da ke can sama tana tare hasken rana mai cutar da fata. Shekara biyu kacal aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta 1987 don rage sinadaran da ke cinye lulluɓin. Ronald Reagan ne a Fadar White House, Margaret Thatcher a Landan, ba wanda zai kira ɗayansu maƙiyin 'yan kasuwa. Majalisar dattawan Amurka ta amince da ita ba tare da ƙuri'ar ƙi ko ɗaya ba. A taron Landan na 1990 aka kafa asusu don taimaka wa ƙasashe matalauta su daina amfani da sinadaran firji masu ɓarnar, kuɗin ya fito, aikin ya yiwu, lulluɓin yana warkewa. Wannan shi ne karo ɗaya da kuka yi sauri a kan abin da ido ba ya gani, kuma ina zaton tsoron ciwon dajin fata, wanda ya fi kama farar fata, ya taimaka.

Da aka zo kan iskar kabon sai labari ya sha bamban. James Hansen na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya faɗa wa majalisar dattawa a Yunin 1988 cewa ɗumamar duniya ta fara. Thatcher ta yi irin wannan gargaɗi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989. Amma a Yulin 1997 sanatoci 95, ba hamayya, suka zartar cewa ba za su karɓi yarjejeniyar da ba ta ɗaure ƙasashe masu tasowa ba, yarjejeniyar Kyoto ta rage hayaƙin kabon ta mutu a Amurka tun kafin a haife ta, Bush ƙarami ya binne ta a 2001. Obama ya shiga Paris, Trump ya fita a 2020, Biden ya koma a 2021, Trump ya sake fita. Manomin da zai dasa itace yana lissafin shekara goma ne, ku kuma kuna canza magana duk shekara huɗu. An yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara a taron Copenhagen a 2009, za a cika kafin 2020, sai a 2022 aka ce an cika, kaso mai yawa kuma bashi ne. Da aka buɗe asusun asara da ɓarna a Dubai a 2023, Amurka, wadda ita kaɗai ta fitar da fiye da kashi 20 cikin 100 na duk kabon da ɗan Adam ya tura sama tun 1850, ta yi alkawarin dala miliyan 17.5. Ba'amurke ɗaya yana fitar da wajen tan 14 a shekara, mutumin Nijar kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na tan guda.

'Yan majalisar Birtaniya, kada ku ce wannan na Amurka ne. Gaskiya kun yi dokar sauyin yanayi ta 2008, wadda kusan duk jam'iyyu suka goyi baya, kun ɗaure kanku a 2019 da kawo ƙarshen ƙarin kabon nan da 2050, kuma ranar 30 ga Satumban 2024 kun kashe tashar kwal ta ƙarshe a Ratcliffe, a ƙasar da ta koya wa duniya ƙona kwal. Wannan a cikin gida ke nan. A waje kuwa, ku da kanku kuka sa tallafin kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a doka a 2015, aka sauke shi zuwa 0.5 a 2021 aka ce na ɗan lokaci ne, yanzu ga 0.3. A 2022 da 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗi a cikin Birtaniya aka kashe shi, wajen ɗawainiyar masu neman mafaka, har da kuɗin otal. Wanda ya ci ladan kuturu, ai ya san abin da ya rage masa.

Ga abin da hakan ke nufi a nan. Yanzu ba fari kaɗai muke tsoro ba. Ruwa yana makara, ya zo ya zuba na wata guda cikin dare biyu, ya ɗauke ana tsakiyar bunni. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin waɗanda suka fi shan wuya, kuma masana sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan ruwa kusan sau 80. A 2024 Nijar ta rasa mutum fiye da 300, tsohon masallacin ginin laka na Damagaram ya rushe, a watan Satumba kuma madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri. A farkon 2025 cibiyar FEWS NET, wadda Amurka ta kafa a 1985 bayan yunwar 1984 don ta riƙa hango yunwa kafin ta iso, ta yi watanni a rufe saboda dakatar da ayyukan USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka. Waɗanda ke tsara rabon hatsi sun shiga watannin bazara ba su da wannan ido.

Ba na wanke shugabanninmu. Madatsar da ba a gyara ba, magudanar da aka bari ta toshe, kuɗin muhalli da ke ɓacewa tsakanin babban birni da ƙauye, duk namu ne, kuma muna da wasiƙar da za mu rubuta musu. Amma kada a fake da wannan a ce talakan Sahel bai yi nasa ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon kututture ya tashi a gona, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi, abin da ake kira sassabin zamani. Gawo da kalgo da sabara suka dawo. An ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, wato kusan daidai da shingen Roosevelt, ba tare da baitulmalin Amurka ba, da wuƙa da gatari kawai.

Saboda haka muna neman waɗannan daga gare ku.

Majalisar dattawan Amurka, ku ɗaure matsayin ƙasarku a kan sauyin yanayi da doka ko da yarjejeniyar da kuka amince da ita, kamar yadda kuka yi wa Montreal, yadda sa hannun mutum ɗaya a ranar rantsuwa ba zai warware shi ba. Idan hakan ya fi ƙarfin siyasarku ta yau, aƙalla ku ware wa FEWS NET da tauraron ɗan Adam da tashoshin auna yanayi kuɗi na dindindin, ku bar bayanansu a buɗe. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai da hukumomin hasashen yanayi na ƙasashenmu suna amfani da irin waɗannan bayanai wajen gaya wa manomi lokacin shuka. Ku kuma mayar da wakilinku kujerar asusun asara da ɓarna.

Majalisar Birtaniya, dokar 2015 taku ce, ku tilasta wa gwamnati ta kawo muku ranar komawa kashi 0.7 a rubuce. Ku raba kuɗin otal da kuɗin tallafi, kowanne a kira shi da sunansa. Kwamitocinku kuma su zauna su saurari masanan hukumar yanayinku a kan alaƙar hayaƙin masana'antu da farin Sahel, a rubuta abin da suka faɗa a kundin majalisa, mu samu abin da za mu gyara littattafan makarantunmu da shi.

Ku duka biyun, kuɗin da za a bayar don jure sauyin yanayi ya zama kyauta, kada ya zama bashi. Ƙasar da ba ta ƙona kwal ba bai kamata ta ci bashi da ruwa don gyara abin da kwal ya ɓata ba. Kuma a sa sharaɗi cewa wani kaso bayyananne ya isa hannun ƙungiyoyin manoma da makiyaya da mata masu lambun rani kai tsaye, a kafe lissafin a bangon ƙaramar hukuma da harshen da mutanen wurin ke karantawa, yadda mu ma za mu iya tuhumar namu idan ya ɓace. Idan kun turo tawaga, ta zo a watan Mayu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ba a yi shuka ba, ta kwana a ƙauye.

Muna jiran amsarku a rubuce, za mu karanta ta ga waɗanda suka aiko ni.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin tarihi da labarin ƙasa,
a madadin wasu manoma, makiyaya da malamai na tsakanin Katsina da Maraɗi